Sunan Yanka da Sunan Kira a Birnin Sakkwato: Ina Ma'anar Suna Take?

Gabatarwa

Wanda ya buɗe ƙamus na Larabcin dauri ya nemi asalin kalmar Usman, abin da zai tarar shi ne ɗan tsakon wani tsuntsun daji dangin tuje, waɗansu ma suka ce ɗan maciji. In ya juya ga Abubakar, zai ga bakar ɗin nan ɗan raƙumi ne matashi, watau sunan yana nufin uban ɗan raƙumi. Hadiza ta fito ne daga tushen da ke nufin haihuwa kafin cikar watanni, abin da Bahaushe ke kira bakwaini, Fatima kuwa daga tushen yaye. To, a birnin Sakkwato da wuya mutum ya shiga gida uku bai tarar da Usmanu ko Abubakar ko Hadiza ba, amma babu magidancin da ya taɓa yanka rago ranar suna yana tunanin tuje ko raƙumi. In ka tambaye shi me sunan ɗansa yake nufi, ba zai kai ka ga ƙamus ba, Hubbare zai nuna maka.

Abin da wannan maƙala ke son ta bayyana ke nan. A wurin Basakkwace, da ma Bahaushe gaba ɗaya, ma'anar sunan yanka ita ce mutumin da ya riga ya ɗauke shi. Labarin shi yaron kansa, ranar da ya zo da halin da ya tarar da gidansu, wannan sai a sunan kira ake samunsa. Wanda ya nazarci ɗaya ya bar ɗaya, rabin magana ya ji.

Sunan yanka da takwara

Tsarin sanannen abu ne, ba sai an tsawaita ba. Bayan haihuwa uba ko malami ya yi wa jariri huɗuba a kunne, ran kwana bakwai a taru da sassafe a raɗa suna, a yanka rago, a raba goro, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da mata a cikin gida, wanzami ya yi aski. Sunan da aka yanka ragon a kansa shi ne sunan yanka, kuma kusan kullum daga taskar Musulunci ake ɗauko shi: sunan Annabi (SAW), ko na sauran annabawa, ko sahabbai, ko matan gidan Annabi, ko sunayen da ke farawa da Abdu.

Ita kanta taskar ba ta Larabci ce zalla ba. Ibrahim da Isiyaku da Yusufu suna da 'yan'uwa a Ibrananci, inda Isiyaku yake nufin ya yi dariya, Yusufu kuwa ya ƙara. Haka abin yake a Turai. Baturen da ake kira George sunan manomi yake ɗauke da shi a harshen Girka, watau Nomau ke nan in da a nan aka haife shi, Philip mai son dawaki, Peter dutse. Amma iyayensu ba noma ko doki suka duba ba, waliyyan coci da sarakuna da kakanni suka duba. Ashe wannan hali na mantawa da tushen kalma a riƙe mai sunan ba na Hausawa kaɗai ba ne. Duk inda addini mai littafi ya kafu, haka suna yake komawa.

Inda Sakkwato ta yi fice shi ne a yadda sunan kira yake bin sunan yanka kamar inuwa, har mai sauraro ya iya gane ɗaya daga ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma rasu a Sakkwato a 1817, shi ne babban misali. Kalmar shaihu a Larabci dattijo take nufi, ko babban malami. A Barno in an ce Shehu, mai sarautar ƙasar ake nufi. A ƙasar Sakkwato kuwa kalmar ta zama sunan kowane Usmanu, saboda nauyin da baki ke ji wajen kiran sunan Mujaddadi gatsau a kan yaron da za a aika, a tsawata masa, wani lokaci har a zage shi. Shugaban ƙasa na Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, Usmanu ne sunansa na yanka, amma duniya da Shehu Shagari ta san shi. Fodiyo ɗin ma laƙabin mahaifin Shehu ne, Malam Muhammadu, kuma a Fulatanci malami yake nufi.

Dubi jerin Sarakunan Musulmi, ka ga taskar littattafan gidan a cikin sunayensu. Abubakar Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, ya gaji laƙabin ne daga Sayyidina Abubakar, wanda ake wa inkiya da Atiku, watau 'yantacce, kamar yadda ake masa da Siddiku. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da ya shekara hamsin a gadon daga 1938 zuwa 1988, inkiya ta biyun ya ɗauka. Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, daga 1867 zuwa 1873, takwaran Shaihu Ahmad Rifa'i na Iraƙi ne, wanda ya rasu a 1182. Ibrahim Dasuki, daga 1988 zuwa 1996, takwaran Shaihu Ibrahim na garin Dasuk ne, a bakin wani reshe na kogin Nilu a Masar. Waɗannan shaihunai biyu suna cikin huɗun nan da Sufaye ke kira ƙuɗubai, tare da Ahmad Badawi na Ɗanɗa da Shaihu Abdulƙadir Jailani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1166. Shi Jailani ba sai an faɗi matsayinsa a garin da ake yi wa mutanensa kirari da Ƙadirawa ba. Shehu ya sa wa ɗansa Abdulƙadir, jikokinsa biyu mashahurai, ɗan Tafa da ɗan Giɗaɗo, su ma Abdulƙadir ne, kuma har yau in ka ji an kira Jelani a unguwa ka san sunan yankan. Kalmar kuwa sunan wani lardi ne a arewacin Iran.

Haka Buhari. Garin Buhara yana cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, can aka haifi Imamu Muhammad ɗan Isma'il a 810, mai littafin hadisan nan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato. Sunan garin ya biyo littafin ya ƙetare hamada, ya sauka a kan Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya sauka a kan Waziri Buhari wanda Turawa suka tarar a 1903, daga nan ya bazu har ya zama sunan talaka da basarake. Waziri Junaidu, da ya rayu daga 1906 zuwa 1997, takwaran Junaidu na Bagadaza ne, shugaban Sufayen ƙarni na 9. Wanda ya tattara irin waɗannan sunaye a unguwa guda ta tsohon gari, ya jera su, kusan zai iya faɗin littattafan da kakannin unguwar suka karanta da ɗariƙar da suka bi.

Kunya da alkunya

Larabawa suna da abin da suke kira kunya, watau kiran mutum da uban wane ko uwar wance don girmamawa. Kalmar ta shigo Hausa ta zama alkunya, ta kuma tarar da wata kalma 'yar gida mai kama da ita a furuci, wato kunya ta jin nauyi. Biyun suka haɗu suka zauna kamar dangi, har mai magana ba ya jin akwai bare a cikinsu.

Ita wannan jin nauyin ce injin da ke ƙera yawancin sunayen kira. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Mace ba ta faɗin sunan miji, balle na suruki. In aka mayar wa yaro sunan kakansa, to an ɗaure bakin rabin gidan, dole a nemo Abba, ko Baba, ko Baffa, ko Maisuna. In yarinya ce a ce Inna, ko Ummi, ko Nana. Waɗansu sunayen kuma sun riga sun sami abokan tafiya na dindindin: Abubakar da Garba, Umaru da Sanda ko Faruku, Ibrahim da Halilu, Hauwa da Kulu, A'ishatu da Indo, Fatima da Binta. Binta kalmar Larabci ce mai nufin ɗiya, an gutsuro ta ne daga inkiyar Nana Fatima ta 'yar Manzon Allah. Irin wannan kaucewa akwai ta a wurin Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu, inda amarya ke guje wa sunan surukinta har da kalmomin da suka yi kama da shi. Sai dai a can kalmomin yau da kullum matar ke sauyawa, a nan kuwa sabon suna ake ƙirƙira wa yaron, ya bi shi har kabari.

Akwai kuma larura ta rarrabewa. Shehu ya sa wa 'ya'yansa maza da dama Muhammadu: Muhammadu Sa'ad, Muhammadu Sambo, Muhammadu Bello, Muhammadu Buhari. Gidan da ke da Muhammadu huɗu ba shi da makawa sai da suna na biyu. Sambo a Fulatanci ɗa na biyu ne, kamar yadda Dikko yake ɗan fari. Bello kuwa mataimaki yake nufi, amma tun da mai shi ya riƙe daular daga 1817 zuwa 1837, ma'anar taimakon ta koma baya, sunan ya zama na Sarkin Musulmi Bello, har Yarbawan Ilori da na Ikko suka ɗauke shi. Malamai sun samar da wata hanyar ta ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. Auwalun nan shi ne Lawal a wani wuri, a bakin Sakkwatawa da Zamfarawa kuma Lawwali. Japanawa ma haka suke lissafa 'ya'ya maza da Ichiro da Jiro da Saburo, mutanen tsibirin Bali kuwa suna da sunaye huɗu, Wayan, Made, Nyoman, Ketut, in an sami na biyar a sake komawa farko.

Wazirin Sakkwato na farko yana da labari mai ban sha'awa a nan. Usmanu ne sunansa na yanka, amma Giɗaɗo ake kiransa, watau abin ƙauna a Fulatanci. Da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya ji kowa yana cewa Giɗaɗo, sai ya riƙa rubuta kalmar kamar sunan muƙamin waziri ce. Kuskuren baƙo ne, amma bai yi nisa da gaskiya ba, domin zuriyar Giɗaɗo ce ta riƙe wazircin bayansa, kuma unguwarsu Giɗaɗawa ake ce mata har yau. Matarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za ta kasance. Mahaifinta ya bar wannan hanya ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, kamar yadda Jean Boyd ta lura a littafinta na tarihin Nana na 1989. Ko a gidan da ya fi kowane riƙo da ƙa'ida, zaɓen takwara ya rinjayi al'adar haihuwa.

Sunayen da ke ba da labarin haihuwa

Sunayen rana ba su buƙatar dogon bayani: Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Altine, Talatu, Asabe. Abin lura kawai shi ne ranakun da kansu daga Larabci Hausa ta aro su, saboda haka waɗannan sunaye da ake ɗauka na gargajiya tsantsa ba su girmi zuwan Musulunci ba a siffarsu ta yanzu. Mutanen Akan na Gana sun fi mu tsananta wannan tsari. Kofi Annan ranar Juma'a aka haife shi a 1938, Kwame kuwa sunan ɗan Asabar ne. Sai kuma Tanko, namijin da ya biyo mata, da Kande ko Delu, macen da ta biyo maza, da Gambo mai bin tagwaye, da Auta, da Cindo mai yatsa shida, da Azumi da Sallau da Anaruwa, kowane da lokacin da ya zo.

Waɗanda suka fi cancantar a tsaya a kansu su ne sunayen 'ya'yan wabi, watau matar da ke haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana. A nan suna ya tashi daga bayani ya koma dabara. Iyaye sukan nuna kamar ba su damu da jaririn ba, su kira shi Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, ko Bawa, wai ko abin da ke ɗauke musu 'ya'ya ya ga wannan ba shi da daraja ya wuce. Waɗansu kuma roƙo suke yi a fili, su ce Barmani. Wanda bai san yawan jariran da kyanda da zazzaɓi da gudawa ke kwashewa a da ba, zai ɗauka rashin tausayi ne uwa ta kira ɗanta da sunan juji. Alhali kuwa babu sunan da ƙauna ta yi wa yawa kamar wannan.

Kada a zaci abin na ƙauye ne ko na Maguzawa kaɗai. Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda aka haifa a 1928, ya hau gado a 1996, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja a 2006, sunansa na kira daga kalmar Fulatanci maccuɗo ya fito, watau bawa. Abin da aka ruwaito shi ne mahaifinsa ya yi ta rashin 'ya'ya kafin shi, aka laƙaba masa wannan suna don ya tsaya. Jikan Shehu ke nan, a tsakiyar gidan da ya yi jihadi a kan al'adun da suka saɓa wa Sunna. Sunan yankan ya bi Sunna, Muhammadu. Sunan kiran ya bi tsoron iyaye. An ajiye kowanne a muhallinsa, aka kuwa yi shekara goma ana ambaton Bawa a kan gadon sarautar Musulmi ba wanda ya ji wani abu, don ma'anar ta riga ta narke cikin mai sunan.

Wannan tsoro bai san iyakar ƙasa ba. Yarbawa suna da Malomo, kada ka sake tafiya, da Kokumo, ba zai ƙara mutuwa ba, da Durojaiye, tsaya ka ci duniya. Ibo suna da Onwubiko, wanda roƙon mutuwa ne kai tsaye, da Ozoemena, kada ya sake faruwa. A Mongoliya akwai Nergui, marar suna, da Enebish, ba wannan ba ne. Yahudawan gabashin Turai sukan kira jariri Alter, tsoho, don mala'ikan mutuwa da aka aiko neman yaro ya rikice. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun faɗa wa dabara guda, ko dai a ɓoye yaron, ko a rage masa daraja, ko a roƙa. A ra'ayina a nan ne kwatanta sunayen al'ummu yake da amfani na gaske, fiye da neman kamar furuci tsakanin wani sunan Hausa da na Masar ta dā, aikin da ya cinye wa waɗansu manazarta lokaci ba tare da riba ba.

Suna a gaban takarda

Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Turawa. Wane ɗan wane ake cewa, kamar yadda mutanen Aisland suke yi har yau. Turkiyya sai da ta kafa doka a 1934 kafin kowane gida ya ɗauki sunan dangi. A nan ba doka aka yi ba, rajistar makarantar boko ce ta yi aikin. Da aka tara yara daga gundumomi a aji guda, Muhammadu biyar da Abubakar huɗu, sai malamai suka riƙa liƙa wa kowane sunan garinsu. Daga nan aka sami Shagari da Gumi da Gusau a matsayin sunayen mutane. Sardaunan Sakkwato da Ahmadu Raɓa aka fara saninsa. Ibrahim ne sunan mahaifinsa, Bellon da ke cikin Ahmadu Bello kuwa kakan mahaifinsa ne, Sarkin Musulmi Bello. Ɗalibin da ya ɗauka suna na biyu kullum na uba ne, zai gina salsala karkatacciya tun daga tushe.

Matsalar ba ta masu tarihi kaɗai ba ce. A ɗauki yaron da aka raɗa wa Usmanu, ubansa Abubakar. A firamare wanda ya kai shi ya ce Shehu Garba, don haka ake kiran su a gida. A sakandare ya rubuta Usman Abubakar. Wajen yin katin ɗan ƙasa aka ce a cika gurbi uku, ya ƙara sunan garinsu. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san mutum ɗaya ne, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikin sunayen uku. Kwamfuta ba ta san haka ba. Sai yaron ya tashi shiga jami'a, ko buɗe asusun banki, ko neman fasfo na aikin Hajji, a ce takardunsa ba su dace ba, ya koma kotu ya yi rantsuwa, ya biya jarida ta buga cewa shi ne shi. Malaman firamare da ke riƙe da rajistar aji ɗaya su ne a bakin wannan ƙofa, kuma tambaya guda ga uban yaro, wane suna aka yanka rago a kansa, da ta rage yawan wannan wahala.

Mai binciken rubuce-rubucen daular ma yana da nasa tarkon. Abubakar Atiku biyu ne suka yi sarautar Musulmi, ɗan Shehu da ɗan Bello wanda ake bambantawa da na Raɓa. Aliyu biyu ne, Babba da Ƙarami, dukansu 'ya'yan Bello. Attahiru biyu ne a jere cikin shekarar 1903, wanda ya yi hijira ya faɗi a Burmi da wanda Turawa suka naɗa. In wasiƙa ta zo da sunan yanka kawai, ba laƙabi ba kwanan wata, sai an koma ga hatimi da sunan wanda aka aika wa.

A 'yan shekarun nan kuma wani sabon abu ya shigo, musamman a gidajen 'yan boko. Iyaye matasa sukan buɗe wayar hannu su nemi suna mai daɗin furuci wanda ba kowa ke da shi ba, su tambayi ma'anarsa a ƙamus kafin su tambayi wanda ya taɓa ɗaukarsa. Ta haka Afnan da Ilham da Amal da Nawal suka shigo ajin yara. Wannan komawa ce ga tushen kalma, abin da kakanninsu ba su damu da shi ba. Sau da yawa kuma akan raba gardama: a yanka rago da A'ishatu don a faranta wa kaka, a riƙa kira da Ilham. Gurbin da Indo da Kande da Ajuji suka riƙe shi ne baƙin sunayen suka shiga, sunan yankan yana nan inda yake. Riga-kafi da asibiti sun rage mutuwar jarirai, Ajuji da Ayashe sun yi ƙaranci a birni, mai neman su yanzu sai ya fita ƙauyukan Kware ko Wurno ko Dange, ya tambayi tsofaffin mata da ungozomomi, waɗanda su ne suka san dalilin kowane ɗaya.